Wa Ke Goge Musu Jinin?

Jama'a, a gyara zama. Masu hula a daidaita, masu tari a ƙarasa. Yau zan gabatar muku da shugabar ƙasa. Ba ƙasar da ake yi wa zaɓe ba, ƙasar da ake takawa. Ga ta nan tafe da sandar mulki a kafaɗa, bokiti biyu na yi mata fadanci, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Babbar kwamandar tayil, mai kawar da likita daga hanya ba tare da ta dube shi ba, wadda manya da ƙanana ke ɗaga wa ƙafa ko suna so ko ba sa so. Gwaggona ke nan, ƙanwar mahaifina, mai goge-goge a ɗakin taimakon gaggawa na babban asibiti, shekara ashirin da uku ba fashi.

Da a gabanta na yi wannan kirarin, da tuni mofa ta sauka a ƙwaurina. A da ke nan. Yanzu ko ganga na buga mata ba za ta juyo ba, kuma abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, ni da ba na iya zama.

Ina shekara shida mahaifina ya rasu. Gwaggo ta zo ta kama hannuna, ba ta yi shawara da kowa ba, ta kawo ni gidanta, ɗaki biyu da falo a hawa na uku na wani tsohon bene mai tsagaggen bango. Ta haɗa ni da ɗanta tilo, wanda ya girme ni da wata takwas. Katifa ɗaya, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Mijinta direban babbar mota ne. Wata rana ya tafi kai kaya, kayan suka isa lafiya, shi ne bai dawo ba. Daga baya muka ji yana nan garau a wani gari, har ya ajiye tumbi. Gwaggo ba ta taɓa zaginsa a gabanmu ba. Hotonsa kawai ta cire daga bango, ta goge wurin har fentin ya tashi.

Ita ta sa mini suna Rediyo, wai ni ko an cire mini batir sai na yi magana. Ɗanta kuwa unguwa ce ta sa masa Almakashi, don tun yana yaro yake yi wa 'yan tsana da kuliyoyin maƙwabta aski, har ya zama mai aski na gaske a wani shago da ke bakin titi. Ni na kai aji huɗu a sakandare, daga nan ni da makaranta muka rabu cikin mutunci, ba wanda ya yi kewar wani. Na taɓa gyaran waya, na taɓa wankin mota, na taɓa sayar da caja. Duk taɓawa ce.

Aikin Gwaggo yana da dokoki, kuma ba wanda ya rubuta mata su. Jan bokiti na jini ne, shuɗi na sauran ƙazanta. Jini da ruwan sanyi ake fara masa, in ka sa na zafi ya kama tayil kamar fenti. Daga bango take farawa, tana ja da baya zuwa ƙofa, don kada ta taka inda ta goge. Shekara ashirin da uku tana tafiya da baya, shi ya sa na taɓa ce mata ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ba a yi wa ƙarin girma ba don ba ta taɓa fuskantar gaba ba. Na sha mofa a ranar.

Babbar dokar ita ce ba ta kallon fuska. Ta ce fuska ta likita ce, ƙasa ce tata. Wanda ya riƙa kallon fuskokin ɗakin nan, a cewarta, ba zai kai wata uku ba. Don haka da takalmi ta san mutane. Ta san likitan da ke jan ƙafar hagu, ta san nas ɗin da ke taka dunduniyar takalminta. Kuma tana karanta ƙasa kamar yadda wasu ke karanta jarida. In ɗigo ya jeru da tazara, da ƙafarsa ya shigo. In ya yi layi ba yankewa, ɗauko shi aka yi. In ya taru wuri ɗaya a bakin ƙofa, to 'yan'uwa sun tsaya gardamar wa zai shiga da shi.

Maganarta a asibiti ba ta wuce guda ɗaya. In ta iso wurin mutum a kan benci, sai ta ce, "Malam, a ɗaga ƙafa." In mace ce, "Baiwar Allah, a ɗaga ƙafa." Da ladabi, ba gaba ba sabo, irin muryar da ake yi wa wanda ba za a sake gani ba. A gida kuwa, in tana goge falo ta iso inda na baje, sai sandar mofa ta fara isowa ƙwaurina kafin magana. "Kai Rediyo, ɗaga ƙafa, ɗan nema! Ƙafa kamar ta raƙumi, ba aikin fari ba na baƙi." Ni kuma in ce, "Ranki ya daɗe, shugabar ƙasa." Haka muke gaisawa tun ina ɗan shekara shida. Ban san gaisuwa ce ba sai da aka daina.

Yanzu bari in kawo muku manyan baƙi biyu da suka rusa mana gida ba tare da sun taɓa taka matakalar benenmu ba.

A shagon da Almakashi ke aiki akwai talabijin da na'urar gem, maigidan shagon ya ajiye don masu jiran layi. Nan nake yini. Wasanni biyu muka fi bugawa, kowanne da gwarzonsa. Sunayensu na asali sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka yi musu namu.

Na farko Mai Guduma. Ƙato ne, wuya kamar turmi, maƙeri ne da aka ƙone wa gari, ya ɗauki guduma mai girman firji ya shiga duniya ramuwa. Ba ya magana, ba ya gudu, ba ya kaucewa. In ya sauke gudumar nan a kan mutum, kai ya fashe kamar kankana, har allon talabijin sai ya yi ja. Shi ne na Almakashi.

Na biyu Ƙadangare, nawa. Siriri, fuska a rufe, wuƙa a kowane hannun riga, yana bin bango da rufi. Ba ya zuwa ta gaba. Sai dai ka ga mutum yana tsaye, ka ga kansa na gangarawa. Babban abin da na fi so a wurinsa, in an sare masa hannu sai ya ɓuya a lungu, ka ƙirga biyar, wani hannun ya tsiro sabo fil.

Matsalar ita ce wasanninsu daban-daban ne. Ba yadda za a yi su haɗu. Ba maɓallin da za ka danna Mai Guduma ya shiga garin Ƙadangare. To musun da ba a iya rabawa, shi ne musun da ya dace da taubasai. Shekara biyu muna yinsa, a shago, a kan katifa, a kan kwanon abinci.

"Kai ɗan mace, bawana, saurara," in ce masa. "Kafin ƙatonka ya ɗaga gudumar nan, nawa ya je kasuwa ya dawo ya yanka shi."

Shi kuma yana aski, ko juyowa ba ya yi. "Yanka me? Wuyan nan? Wuƙarsa ta yanka albasa ce. Bugu ɗaya, Rediyo. Ɗaya tak. A kankare naka daga bango da cokali."

"Sai ya same shi tukuna."

"Gini zai rushe da shi a ciki. Ina bangon da zai hau?"

"In ya sare masa hannu wani ya tsiro!"

"Kai ma yana tsirowa? Ka taɓa ganin ƙadangaren da aka taka wa kai ya je gida ya yi jinya?"

Sai shago ya ɗauki ihu. Masu jiran layi su rabu biyu. Akwai wani mai gyaran babur da ya taɓa tashi da rabin aski don an ce Mai Guduma ba shi da basira. Har lissafi muka yi: nauyin guduma, tsawon wuƙa, wa zai fara gajiya, in a fili ne wa zai ci, in a cikin gini ne wa zai ci, in ana ruwa fa. Da na ba makaranta rabin wannan ƙwaƙwalwar, da yanzu ni ke jan ƙafar hagu a asibiti.

Sau ɗaya Gwaggo ta taɓa ganinsu. Wata Asabar ta kawo wa Almakashi tawul ɗin shago da ta wanke, ta tarar ina tsakiyar yanka mutane a wani dogon zaure. Ta tsaya bayana da tawul a hannu. Na yi zaton za ta yi faɗa. Ashe ba mutanen take kallo ba, ƙasan zauren take kallo.

Ta ce, "Ina jinin ya tafi?"

"Wane jini, ranki ya daɗe?"

"Na wanda ka yanka yanzu. Ga shi nan ya malala, na ƙifta ido babu."

"Ai da kansa yake ɓacewa, Gwaggo. Daƙiƙa biyar."

"Wa ke goge musu?"

"Ba kowa."

Ta ajiye tawul a kan kujera. "To ba faɗa ba ne."

Muka bi ta har ƙofa, ni da Almakashi, kowa na roƙon ta raba mana gardama, Mai Guduma ko Ƙadangare. Ta ce mu ba ta hanya, tana da wanki.

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Sati biyu ke nan da maigidan shago ya ba Almakashi kujerarsa ta kansa, ta kusa da babban madubi, bayan shekara biyar yana aski a kujerar wasu. Maigida ya fita, ba kowa sai mu da samari uku masu gem. Musu ya tashi kamar kullum, sai na zo da sabuwar hujja. Na ce duk ƙaton da ya ɗaga abu mai nauyi sama da kansa, ƙafarsa ba ta da mai gadi. Ƙadangare zai sunkuya ne ya kwashe ƙafar, shi ke nan.

Almakashi ya ce ƙarya ne, ba a kwashe ƙafar dutse.

Na ce, "Ɗauki tsintsiya ka zama shi, ka gani."

Ya ɗauka yana dariya. Ya ɗaga doguwar sandarta sama da hannu biyu, ya kumbura kumatu, yana tahowa a hankali kamar ƙaton nasa. Samari na tafa masa. Na sunkuya, na juya, na kwashe ƙafarsa.

Akwai gashi a ƙasa, da ɗan ruwan da ake fesa wa kai. Ya zame gaba ɗaya, ya tafi wajen madubi, ya kai hannun dama don ya tare. Madubin ya fashe, ƙarar ba ta ma yi yawa ba.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa cikakkensa ba sai yau: na tsaya. Jini na fita daga tafin hannunsa yana bin tayil, yana kwasar gashi yana tafiya da shi ƙarƙashin kujera, ni kuwa ina tsaye ina kallo. Wani abu a cikin kaina yana ƙirga biyar. Sai da ɗaya daga cikin samarin ya daka mini tsawa na ɗauko tawul.

A cikin tasi Almakashi ya jingina da ni, leɓensa ya yi fari. Ya ce, "Madubi ne ya faɗo. Ƙusa ta saki. Ka ji ko, Rediyo?" Na ce na ji. Ban yi masa musu ba. Karo na farko ke nan cikin shekara biyu.

Gwaggo na aikin rana. Muka shiga da ƙafarmu, muka bar ɗigo tun daga bakin ƙofa har gado na uku. Tana can ƙarshen ɗaki, ta ba mu baya. Na gan ta ta ajiye shuɗin bokiti ta ɗauko ja. Ta fara bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa, kamar yadda ta yi wa dubban mutane. Ta bi shi har ya kawo ta gaban wani takalmin roba mai ɗinkin baƙin zare a maɗauri. Ita ta ɗinke shi da hannunta.

Mofa ta tsaya. Ta ɗaga kai. Ta dubi ɗanta, ta dubi hannun daidai lokacin da nas ke warware tawul, sannan ta dube ni. Bakina bai jira ni ba. "Madubi ne ya faɗo, Gwaggo, ƙusa ce ta saki, wallahi muna zaune kawai." Almakashi ya gyaɗa kai.

Ta mayar da kai ƙasa. Wani sabon likita, wanda bai san ko wace ce ba balle ɗanta, ya ce, "Baba mai mofa, nan ma, kada wani ya zame." Ta ce to. Ta sauya ruwa, ta goge jinin ɗanta daga gindin gado, tana ja da baya har ƙofa.

Jijiyar babban yatsa ce ta yanke, tare da wani abu da likita ya faɗa da Turanci. An yi aiki, an ɗinke, an cire zare. Yatsan na nan, cikakke, har farce yana fitowa. Lanƙwasawa ce ba ya yi. Almakashi ba ya riƙe almakashi. Injin aski ma in ya kama, sai ya sulluɓe. Maigidan shago ya san ƙusarsa lafiya take, amma mutumin kirki ne, ya haɗiye maganar. Ya jira wata biyu, sannan ya ba wani kujerar. Yanzu taubashina ne ke share gashi a shagon, yana wanke tawul. Har yau unguwa na kiransa Almakashi, ba wanda ya san yadda ake janye suna.

Bai taɓa ce mini komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Yana koyon aski da hagu, ni ne gonar gwajinsa. Duk sati nake miƙa masa kaina, in tashi kamar wanda ɓeraye suka kwana a kansa, in fita titi a haka ba hula. Ran nan yana cikin yi ya ce, "Ka ƙirga mini biyar mana, ko zai tsiro." Ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me ake yi ba in ba ita ba.

A gida kuwa, washegarin da aka sallame shi, Gwaggo ta ɗauko mofa tana goge falo. Ina zaune a inda na saba, na miƙe ƙafa, har na ɗaure ƙwauri ina jiran sanda. Mofa ta zo, ta bi gefen ƙafata ta dama, ta zagaya ta gaba, ta bi ta hagu, ta wuce. Ko taɓa ni ba ta yi ba. Da na tashi na ga busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen tayil, daidai girman ƙafafuna.

Wata huɗu ke nan. Abincina na nan a rufe kullum. Kayana in na bar su a ƙasa, in tarar an wanke. In na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ba Rediyo, ba ɗan nema, ba raƙumi. Na gwada komai. Na koma tsakiyar hanya na zauna, ta zagaye ni. Na kwanta a ƙasa na baje hannuwa, ta zagaye ni kamar yadda take zagaye firji. Na yi mata kirarin shugabar ƙasa da murya uku daban-daban. Ko wannan busasshen wurin ba ta komawa ta goge in na tashi. Yana nan, kullum yana ƙara duhu, tsibirina ni kaɗai a falon da ke sheƙi.

Na ce wa Almakashi zan faɗa mata gaskiya. Ya ce in bari, me zai ƙara. Na ce ni dai a dake ni da mofar nan ko sau ɗaya ne. Kwana uku ina shirya jawabi, har da tsayawa gaban ƙaramin madubin banɗaki.

Na same ta a asibiti da tsakar rana, lokacin da ɗakin ya ɗan lafa. Na zauna a kan bencin baranda, tsakanin wani tsoho mai riƙe da ciki da wata mata mai goyo. Tana tahowa da baya, shuɗin bokiti na biye da ita. Ta iso wurin tsohon. "Malam, a ɗaga ƙafa." Ya ɗaga. Ta goge, ta matso, ta ga takalmina. Mofa ta fara karkata za ta zagaye.

Na ce, "Gwaggo, tsaya. Ba madubi ba ne ya faɗo."

Jawabin kwana uku ya watse, sai na kama zuba kamar yadda na saba. Na ba ta labarin Mai Guduma da nauyin gudumarsa, da Ƙadangare da yadda yake sunkuyawa. Na ce musu ne na shekara biyu, ni na ce ya ɗauki tsintsiya, ni na kwashe ƙafar, ni na tsaya ina kallo. Na ce dabarar ta yi aiki, na ci musun, ga shi ban san inda zan kai cin ba. Tsohon ya manta da cikinsa yana kallona. Na ce ke kika riƙe ni tun ina shekara shida, ba ni da wata uwa, ki zage ni, ki dake ni, ki kore ni ma in kin ga dama, amma ki daina zagaye ni. Na ce, "Don Allah Gwaggo, ki ɗaga mini ƙafa."

Ta tsoma mofa a bokiti, ta matse ta sosai, ruwan ya gama tsiyaya. Ba ta ɗaga kai ba.

"Madubin da ya faɗo, a ka yake sara, ko a kafaɗa. Yankan tafin hannu na wanda aka kayar ne. Tun ranar na gani."

Ta ajiye mofar a gaban takalmina.

"Malam, a ɗaga ƙafa."